Mai tarakta ya shanya ni, masu laim sun ƙi zuwa: yaya zan yi da gonar barewa?

Dan_Gwarzo_ATL
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda ke zaune nan Amurka suna taɓa harkar gona. Ni da wani abokina mun haɗa kuɗi mun sayi ɗan daji a tsakiyar jihar Jojiya, yawanci itatuwa ne amma akwai sarari guda biyu a ciki da in an haɗa su ba su wuce eka 2 ba. Niyyarmu mu shuka abin da barewa da talo-talon daji za su riƙa ci kamar yadda maƙwabtan wurin ke yi, in lokacin farauta ya zo mu samu naman da muka san yadda aka yi da shi. Na kai ƙasa ofishin Extension, wato ofishin malaman gona, an auna, tsami ya yi mata yawa, ma'aunin tsamin da ake kira pH ya nuna 5.2, suka ce a zuba laim, wato garin farar ƙasa mai rage tsami, tan 1 da rabi a kowace eka. Tun watan Mayu nake kiran ko-of ɗin da ke kusa da mu, wato shagon ƙungiyar manoma, su kawo su watsa da motarsu, kullum maganar ɗaya ce wai an sa ni a layi za a kira ni. Sannan akwai wani bature mai tarakta da muka yi magana zai yi min haro, na ba shi kafin alƙalami dala 300, ya sa rana ya ɗaga, ya sake sa wa ya ɗaga, yanzu ma ko waya ba ya ɗauka sai dai ya turo saƙo wai yana yankan ciyawar dabbobi. Ga Satumba ta kawo kai. Wlh abin ya dame ni. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min yadda ya fita.

Injiniya_Sani
Wa alaikumus salam. Malam ba kai kaɗai ba ne, kusan duk mai ƙaramin fili haka yake fama. Ka duba lissafin daga wajensu: motar laim ɗin nan tan da yawa take ɗauka a sawu ɗaya, manomin gyaɗa ko auduga mai eka ɗari biyar yana kiransu, kai kuma tan 3 kake so a cikin daji, hanyar ma ƙila ba ta shiguwa. Direban zai ɓata rabin yini a kanka. Ba za su ce maka a'a ba saboda ba sa son ɓata da kwastoma, sai dai su yi ta ce maka kana layi har shekara ta juyo. Kuma ka san Jojiya ita ce kan gaba a noman gyaɗa a duk Amurka, su ne masu ko-of ɗin a zahiri.

Ummu_Khalid
Tsaya tukuna, wai noma za ka yi don dabbobin daji su ci? Ni fa yau na fara jin wannan. Mu a nan Kaduna gadi ake yi kar su shiga, ku kuma kuna biyan kuɗi ku shuka musu. Ikon Allah.

Dan_Gwarzo_ATL
@Ummu_Khalid haka ne Hajiya, a nan abu ne sananne sosai, har shagunan kayan gona suna sayar da iri na musamman da hoton barewa a jikin buhun. Ba gona ba ce ta girbi, ɗan fili ne a tsakiyar daji da ake shuka kuloba (wata ganye ce dangin wake) ko ots (hatsi ne irin alkama) ko alkama ko tanif (mai saiwa ne kamar karas), dabbobin su samu ɗanyen abinci lokacin sanyi da komai ya bushe.

MalamIdi_Maradi
Hajiya ai wannan ba abin mamaki ba ne a addini. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi face an rubuta masa ladan sadaka. In ya gyara niyya yana cikin alheri. In ya zo harbi kuma ya ambaci sunan Allah, in ya tarar da ita da sauran rai ya yanka. Amma shi wannan da ya karɓi kuɗi bai yi aiki ba, haƙƙi ne a wuyansa ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

BabaTsoho_Minnesota
Ɗana Ɗan Gwarzo, bari in yi maka magana ta wanda ya daɗe a wannan abin. Na farko ka cire rai da laim ɗin ko-of a bana. Ko gobe suka kawo, laim ba ya aiki nan take, sai ya yi watanni a ƙasa ruwa na dukansa kafin tsamin ya sauka, wanda aka zuba a Satumba amfaninsa na gaskiya sai baɗi. To me zai sa ka hana kanka barci a kan abin da ba zai canza shukar bana ba? Abin da za ka yi shi ne ka shuka abin da ke jure ƙasa mai tsami. Hatsin rai, wato wani dangin alkama da Turawa ke kira rye, shi ne sarki a nan, ko a ƙasar da ba ta da kirki yana fitowa, ba ya tsoron sanyi, barewa kuma na cinsa. Ka lura fa, hatsin rai na hatsi nake nufi, ba ciyawar nan da ake kira raigiras ba, sunan ya yi kama amma ita in ta kama fili fitar da ita wahala ne. Ka watsa kamar laba 100 a eka, ka haɗa da ɗan ots in kana so. Kuloba kam ka bar ta tukuna, ita tana son pH ya kai wajen 6.5, in ka zuba ta a 5.2 kuɗinka ne zai tafi.

Na biyu, ba dole sai da tarakta ba. Ni filina ban taɓa sa masa haro ba. In ciyawa ta yi tsawo sai in fesa maganin ciyawa da tankin goyo irin dai wanda ake feshi da shi a gida, in jira ta fara rawaya, in duba hasashen yanayi in ga ana sa ran ruwa, sai in rataya ɗan injin watsa iri na hannu a ƙirji in zagaye filin ina juya mariƙin, bayan nan in bi da injin yankan ciyawa in kwantar da busasshiyar a kan irin. Ita ke rufe shi ta riƙe masa laima, tsuntsaye ma ba sa ganinsa sosai. In ruwa ya sauka, sati ɗaya zuwa biyu za ka ga koren yana leƙowa ta cikin matacciyar ciyawar. Eka 2 ba abin da zai gagari samari biyu ba ne.

Zango_Boy_Bronx
Baba duk wannan daidai ne amma kuɗinsa fa? Dala 300 ba a ƙasa ake tsintarta ba. Ni shawarata ka tura masa saƙo a rubuce, ka ce ranar kaza ko ka zo ka yi aiki ko ka maido min kuɗina. In ya ƙi ka tafi ƙaramar kotu. A Jojiya Magistrate Court ake ce mata, tana sauraren ƙarar da ba ta wuce dala 15,000 ba kuma ba sai ka ɗauki lauya ba. Saƙonnin da kuka yi a waya sun isa shaida. Mutanen nan in suka ga baƙo ne sai su ɗauka ba ka san haƙƙinka ba.

Injiniya_Sani
@Zango_Boy_Bronx ni ban goyi bayan kotu ba a wannan gaɓar. Kai kana birni, ƙauyen Amurka daban ne. Kowa ya san kowa, mai taraktan nan ƙila ɗan'uwan mai aiki a ko-of ne, ƙila coci ɗaya suke zuwa da maƙwabcin da ke iyaka da dajin. Ɗan Gwarzo ba a wurin yake kwana ba, yana Atlanta, filin kuma yana can babu mai gadi. Ranar da itace ya faɗo ya tare hanya ko motarsa ta kafe a taɓo su zai nema. Ka ci dala 300 ka rasa mutanen gari gaba ɗaya, ina ribar?

Zango_Boy_Bronx
To sai a bar shi ya cinye kenan? Irin wannan kawaicin ne ke sa ake raina mu.

Injiniya_Sani
Ban ce a bar masa ba. Cewa na yi a bi ta hannun mutane tukuna. Ya je gidansa da kansa ranar Asabar, su gaisa, ya ce na ga aiki ya yi maka yawa ba komai, ka ba ni kuɗina in nemi wata hanya. Yawancinsu in ka tsaya gabansu ido da ido kunya ba ta barinsu.

Mai_Tarakta_Funtua
Slm. Ni ban san Amurka ba amma sana'ata ake magana a kai don haka bari in ce wani abu. Ba ina kare mutumin ba ne, karɓar kuɗi ka ƙi ɗaga waya laifi ne ko a ina. Amma ku gane lokacin aikinmu kaɗan ne, ruwa na sauka kowa na son a yi masa a sati ɗaya. In na tashi daga wuri na yi tafiyar awa guda a kan titi don fili ɗan ƙarami, gas ɗin da na ƙona a hanya ya fi na aikin, ga taya na cinyewa, ga yaron da zan biya yini guda. Shi ya sa in ƙananan manoma suka haɗu mutum takwas ko goma a gefe ɗaya suka kira ni, su nake fara yi wa kafin ma wani Alhajin, don kuɗinsu a hannu yake kuma ba yawo. Ka nemi maƙwabtanka masu irin filinka ku haɗa aiki rana ɗaya. Ko Hello Tractor, kamfanin haɗa manoma da masu tarakta da ake ta magana, haka tsarinsu yake, wakili ne ke tattara manoman yanki ɗaya sannan a turo tarakta.

Sarkin_Noma77
Allah ya biya ka Mai Tarakta, ka faɗi gaskiya. Amma ku ma kuna da naku. Bara wani ya karɓi kuɗin mutane a ƙauyenmu tun kafin ruwan farko, ya ce gobe ya ce jibi, har maƙwabta suka gama shuka masara ta kai ƙauri mu muna zaune. Ƙarshe shanun huɗa muka nemo. Wanda ya makara a shuka ya san abin da ya rasa, kuɗin da za a maido maka ba ya maido maka damina.

Mai_Tarakta_Funtua
Haka ne ranka ya daɗe, akwai masu ɓata mana suna. Ni dai ƙa'idata ba na karɓar ko sisi sai na shiga gonar.

HajiyaBinta_Columbus
Yaya Ɗan Gwarzo sannu da haƙuri. Maigidana yana yin wannan a wani ɗan fili nan Ohayo, kuma irin wahalar da ka faɗa sak ya sha. Abin da ya fisshe shi guda biyu ne. Ɗaya, ya tambayi ko-of ko suna ba da aron tirelar watsa taki da laim, ashe suna da ita, su za su loda maka kai ka ja da motarka ko ƙaramar tarakta ka je ka watsa ka maido. Ba sa tallarta sai ka tambaya. Ka dai tabbatar wadda ke iya watsa laim ce don garin yana da nauyi kuma in ya jiƙe yana toshewa. Biyu, ofishin Soil and Water Conservation District na ƙaramar hukumarsu, wato masu kula da kiyaye ƙasa da ruwa, suna ba da hayar injin shuka da ba ya buƙatar a yi huɗa, kuɗin ba yawa. Ka kira na wajenku ka ji ko suna da shi. Shi ma dai layi ake bi, gara ka sa suna da wuri.

Dan_Gwarzo_ATL
Na gode ƙwarai jama'a. @HajiyaBinta_Columbus matsalar ba mu da tarakta ko ƙarama, fikof kawai gare ni da wani babur mai ƙafa huɗu na abokina. Hanyar shiga sarari na biyun ma matsattsiya ce, rassa sun rufe ta, ga wani ɗan rafi da ake tsallakawa. @BabaTsoho_Minnesota Baba na ji maganarka ta kwanta min, amma laim ɗin buhu fa? Na gani a shago mai ƙwaya-ƙwaya.

BabaTsoho_Minnesota
Yana aiki, kuma shi ne na masu ƙaramin fili don yana bi ta injin watsawa ba ya toshewa. Sai dai ka yi lissafi kafin ka saya. Buhu laba 40 ne, tan ɗaya laba 2,000, kenan buhu 50 a tan. Kai tan 3 aka rubuta maka, buhu 150 kenan, kuma ya fi na mota tsada nesa ba kusa ba. Ba dole ka zuba duka a lokaci ɗaya ba. Ka fara da sararin da ya fi sauƙin shiga, ka zuba abin da aljihu ya iya, saura a watan Fabrairu ko Maris. Sannan wannan hanyar da ka ce rassa sun rufe, ina ganin ita ce rabin dalilin da ya sa masu mota ke gudunka. Ba direban da zai yarda reshe ya fasa masa gilashi ko ya kafe a rafi da lodi. Ka samu zarto mai inji ka buɗe ta a hunturun nan.

Sarkin_Noma77
Ni abin da ban gane ba, mene ne bambancin wannan da zuba wa dabba hatsi a ƙasa ka laɓe ka harbe ta? Farautar da muka sani ta iyayenmu bin sawu ake yi da karnuka a sha wuya a daji.

Injiniya_Sani
A dokarsu akwai bambanci babba. Jihohi irin su Minesota an hana zuba masara ko wani abinci don jawo barewa a harbe, amma abin da ka shuka ya tsiro a wurin ba laifi ba ne. Baba zai gyara min in na yi kuskure. A Jojiya kuma an yarda da zuba abincin a filin mutum na kansa don farautar barewa, amma ban da talo-talo. Kowace jiha da tata dokar, don haka kowa ya karanta littafin dokokin farauta na jiharsa na shekarar, kar ya dogara da abin da ya ji a nan. Lasisi kuma dole ne a duba.

BabaTsoho_Minnesota
Haka yake Injiniya. Kuma @Sarkin_Noma77 ka sani shukar nan ba don ranar harbi kaɗai ba ce. Barewar da za a harba a shekara ɗaya ce ko biyu, masu ci kuwa ba adadi, da masu ciki da 'ya'yansu da zomaye da tsuntsaye, har ƙudan zuma in kuloba ta yi fure. Ni na fi jin daɗin hotunan da kyamarar da na ɗaure a bishiya ke ɗauko min fiye da naman.

Ummu_Khalid
To Allah ya ba da lada. Amma ni har yanzu kuɗin nan na tsaya min a rai, da an turo gida da an noma eka nawa da shi.

Dan_Gwarzo_ATL
Hajiya ana turawa gida wlh, wannan daban. Mutum in ya tashi a gona ya zo ya zauna tsakanin kwalta da bene shekara da shekaru, ransa na son ya taɓa ƙasa. Yarana a nan aka haife su, ina son su ga yadda ake shuka abu ya fito.

Dr_Aminu_Athens
Na zo a makare amma bari in ƙara abu biyu. Malam Ɗan Gwarzo kar ka ɗaga hankalinka da maganar Satumba, ba ka makara ba. Lokacin Baba na Minesota daban da naku, su sanyi na kama su da wuri. A tsakiyar Jojiya daga ƙarshen Satumba har cikin Oktoba ana shuka hatsin sanyi lafiya lau, kuma wanda ya yi gaggawa ya shuka da zafi yakan haɗu da fari ko tsutsar nan mai cinye ganye, ita ce dai wadda ta bayyana a Najeriya a 2016 ta addabi masu masara, asalinta daga nahiyar nan take. Sanyi na fara shigowa take raguwa. Don haka ka bi ruwa, kar ka bi kalanda.

Na biyu, ka koma wurin ma'aikacin Extension ɗin da ya auna maka ƙasa. Aikinsu kenan, a ƙarƙashin jami'ar jihar suke, tsarin tun dokar 1914 yake, kuma shawararsu kyauta ce. Su suka san wane ne mai tarakta mai cika alkawari a yankin da wanda ba ya cikawa, ba lallai su kushe kowa ba amma za su iya nuna maka inda za ka tambaya. Ka leƙa ofishin NRCS ma, wato hukumar kiyaye albarkatun ƙasa ta ma'aikatar noman Amurka, suna da shirin EQIP da ke tallafa wa masu fili a kan gyaran muhallin namun daji, ko da yake cike-ciken takardu ne kuma ba abin bana ba ne. Sannan ga wata dabara: in ka shuka, ka kafa ɗan kejin waya zagayayye a tsakiyar filin. In na cikin kejin ya yi tsawo na waje ya tsaya gajere, ka san barewa ce ke ci, ba shukar ce ta ƙi ba.

Zango_Boy_Bronx
Duk an koma maganar iri da tsutsa an manta da mutumin da ya riƙe kuɗi. Ɗan Gwarzo ka je wajensa ko ba ka je ba?

Dan_Gwarzo_ATL
Na bi shawarar Injiniya na je jiya. Na same shi a bayan gidansa ya kwance wani sashe na injin ɗaure ciyawa, hannunsa duk baƙin mai, ga ciyawa yashe a fili yana tsoron ruwa ya same ta. Ya ba ni haƙuri, ya ce kuɗin ya riga ya sayi kayan gyara da su, in na yarda zai zo ya yi min haro farkon Oktoba, in ban yarda ba in ba shi zuwa ƙarshen wata ya biya ni. Ban ba shi amsa ba na ce zan yi shawara da abokina. Gaskiya na ga alamar aiki ne ya sha kansa, amma kuma alkawarin nan ba yau ya fara yi min shi ba.

HajiyaBinta_Columbus
Ni dai da ni ce kuɗina zan karɓa in sayi laim ɗin buhu da su.

Mai_Tarakta_Funtua
A'a Hajiya, tunda ya faɗi gaskiyar inda kuɗin suka shiga a ba shi dama ɗaya. Amma Malam ka ce masa akwai wasu filayen kusa da kai, in ka samo masa mutum biyu ko uku za ka ga ya zo da sassafe.

Injiniya_Sani
Ka yi duka biyun. Ka bar shi a kan Oktoba amma ku rubuta ranar a saƙo, da sharaɗin in ta wuce kuɗi zai dawo. Kai kuma kar ka zauna jiransa, sararin da ke bayan rafi ka yi masa irin na Baba da hannu tunda taraktar ma da wuya ta shiga can. Ko-of kuma ka sake kiransu a Janairu lokacin da aiki ya yi musu sauƙi, ka tambaye su mafi ƙarancin tan da suke fita da mota a kansa, sai ka san mutum nawa za ka nemo.

Zango_Boy_Bronx
Ni ban yarda zai zo ba. Mu zuba ido zuwa Oktoba.

Dan_Gwarzo_ATL
@BabaTsoho_Minnesota Baba tambaya ɗaya kafin in je shago ranar Juma'a. In na fesa maganin ciyawar kwana nawa zan jira kafin in watsa hatsin? Kuma taki fa, a zuba tare da irin ko sai ya tsiro? Takardar awon ƙasar tana hannuna, in ka ce in turo hotonta nan sai in turo.